Yadda ɗan kokowa zai gina juriya da ƙarfin zuciya cikin mako takwas

Da an ɗaure dammunan hatsi, ganguna sun fara tashi a Tibiri da Madarunfa da Gidan Runji, tambaya ɗaya ce masu karatu ke ta maimaitawa, samari da masu horar da su. Yaro ga ƙarfi, ga iya kamu, a wurin atisaye ba mai kai shi ƙasa, amma ranar da ya shiga fili gaban jama'a sai ya sha kaye a hannun wanda bai kai shi ba. Me ake yi wa irin wannan? Abin da aka saba faɗa shi ne "ba shi da zuciya", a wuce wurin, sai ka ce zuciya gadonta ake yi. Horar da ita ake yi, da awo da lissafi, ta hanyar saka jiki da gangan cikin irin matsin da zai tarar ranar karawa, kaɗan-kaɗan, har matsin ya daina razana shi.

Tsarin nan na wanda ya riga ya iya kokowa ne, ya haura shekara 16, kuma yana da wata karawa a gabansa nan da wata biyu: ta unguwa, ta gunduma, ko zaɓen ƴan kokowa goma da za su wakilci jahar Maradi a gasar takobi ta ƙasar Nijar.

Kayan da za ka tanada

Agogo mai ƙirga daƙiƙa, ko wayar hannu. Ƙaramin littafi da biro. Igiyar tsalle, ko da ta ɗaure kaya ce, mita uku. Jarkar ruwa mai lita biyu. In ruwan leda za ka saya, kowace leda dala biyar, ka ƙiyasta huɗu zuwa shida a kowane zama. Sukari da gishiri. Waya mai ɗaukar bidiyo, ko ta aro. Duka ba su kai kuɗin walki ɗaya mai kyau ba. Abin da ya fi su tsada shi ne mutane: abokan atisaye uku da ba za su yi maka fashi ba, ɗaya ya fi ka nauyi, ɗaya ya fi ka sauri, ɗaya tsaranka, da wani babba mai riƙe agogo wanda in ya ce a tsaya za a tsaya. In ba ka samu waɗannan ba, kada ka taɓa mataki na 4 da na 5.

1. Gano inda kake karyewa

Makon farko ba na ƙara ƙarfi ba ne, na bincike ne. Ka yi karawa shida da abokanka cikin kwana uku, a ɗauki kowace a waya daga farko har ƙarshe. Da daddare ka kalla tare da mai riƙe agogo, ka rubuta abu uku: minti na nawa ka fara buɗe baki kana haki, minti na nawa ka miƙe daga sunkuye ƙugunka ya tashi sama, da abin da ya faru daf da kowane kaye.

Yawancin samari ɗaya daga cikin uku ke cin su. Akwai mai gaggawa, wanda in minti biyu suka wuce bai kayar ba sai ya kai hari ba shiri don a gama. Akwai mai fushi, wanda in an ɗan mangare shi a ka ko an ja masa walki ya manta da duk abin da ya iya. Akwai mai sanyi, wanda tun ganin girman abokin karo ya fara ja da baya har alƙali ya ba shi gargaɗi. Ka rubuta naka a shafin farko da manyan baƙaƙe, domin shi za a yi ta bugu har ƙarshen tsarin.

A makon nan kuma ka fara auna bugun zuciyarka kullum da asuba kafin ka sauko daga shimfiɗa. Yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ƙirga na daƙiƙa 15, ninka sau huɗu. Matsakaicin kwana bakwai shi ne ma'auninka.

Gargaɗi: ƙarshen damina lokacin zazzaɓin sauro ne. Wanda ke da zazzaɓi, ko bai gama shan maganinsa ba, ba ya atisaye. Mai sikila ko mai asma sai ya ga likita kafin ya fara.

2. Numfashi

Wannan shi ne mafi arha, shi ne kuma aka fi rainawa. Zauna, rufe baki, shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, cikinka ya kumbura, ba kafaɗa ta ɗaga ba. Saki a hankali kana ƙirga shida. Minti biyar bayan sallar asuba, minti biyar kafin barci. Fitar da iska a tsawace yana sassauta bugun zuciya, shi ya sa shidan ta fi huɗun muhimmanci.

Daga mako na biyu ka kai shi fili. Duk lokacin da aka raba ku, ko kuka fita daga da'ira alƙali ya ce a dawo tsakiya, kana da ƴan daƙiƙu kyauta. Ka yi dogon numfashi biyu kana takowa. Wanda bai saba yin haka a atisaye ba ba zai tuna da shi ranar gasa ba.

3. Gudu cikin rairayi

In ruwan gulbi ya janye, rairayinsa ya fi kowane fili. Sau uku a mako, da sanyin safiya, kafin rana ta ɗaga. Fara da sassarfa ta minti goma. Sannan ka auna taku 60, ka kafa alama. Gudu da iya ƙarfinka zuwa alamar, dawo da tafiya, sake. Mako na biyu sau shida, kana ƙara biyu kowane mako har ka kai goma sha huɗu a mako na shida. Kada ka wuce nan.

Inda zuciya ke shigowa shi ne nan: kai ba ka san ranar da mai agogo zai ƙara maka ba. Sau ɗaya a mako, bayan ka gama na ƙarshe ka dafa gwiwa kana ganin an tashi, sai ya ce, "Tashi, ɗana, saura biyu." Amfanin wannan shi ne jiki ya koyi cewa inda kai ya ce an ƙare ba nan ne ƙarshen ƙarfi ba. A fili ma haka take faruwa: kana tsammanin lokaci ya cika sai a ce ku ci gaba. Amma sau ɗaya a mako kawai. In aka mayar da shi kullum, yaro zai koyi ɓoye ƙarfi tun daga gudun farko, an yi asarar duka.

Gargaɗi: ka bi hanyar da ƙafa ka duba ta kafin ka yi gudu a kai. Masu ɗibar yashi na barin ramuka, ga fasassun kwalabe. Kuma in bugun asuba ya haura ma'auninka da kamar goma kwana biyu a jere, jikin bai huce ba. Ranar nan tafiya da miƙa kawai za ka yi.

4. Kokowa cikin gajiya

Nan ne cibiyar aikin, daga mako na uku zuwa na shida, sau biyu a mako, da kwana biyu a tsakani.

Kai kaɗai a tsakiyar da'ira, abokanka uku a gefe. Kafin a fara ka yi tsallen igiya na minti biyu, don ka shiga da haki. Na farko ya shigo, ku kama na minti biyu. Ko an yi kaye ko ba a yi ba, da lokaci ya cika ya fita, na biyu ya shigo nan take da sabon ƙarfinsa, sannan na uku. Minti shida ke nan ba hutu. Huta minti huɗu, sha ruwa, sake zagaye. Mako na uku zagaye biyu, na huɗu uku, na biyar da na shida huɗu. A riƙa sauya jerin shigowa, amma sau da yawa a bar mai saurin ya zo ƙarshe, lokacin da ƙafafunka suka yi nauyi.

Ba kaye ake ƙirgawa a nan ba. Za ka faɗi, kuma sau da yawa. Mai agogo abu uku yake kallo a minti biyun ƙarshe: ko ƙugunka na ƙasa, ko haɓarka na kusa da ƙirji idonka na kan abokin karo, ko gwiwar hannunka na manne da jiki ba ta buɗe masa ƙofar shiga ba. Duk wanda ya lalace ya kira sunansa da kalma ɗaya: "Ƙugu!" "Ido!" "Hannu!" Ba dogon bayani, domin mai haki ba ya jin jimla. Bayan mako biyu sai mai agogo ya yi shiru, kai ne za ka riƙa faɗa wa kanka kalmar a zuci. Ka zaɓi ɗaya ko biyu da suka dace da cutar da ka rubuta a shafin farko. Mai gaggawa, "jira". Mai sanyi, "taka", wato ƙafar gaba ta shiga. Mai fushi, "saki", ya sassauta muƙamuƙi da kafaɗa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne abokai su ji tausayi su sassauta a zagayen ƙarshe. Wannan cuta ce, ba zumunci ba. Na biyu shi ne su mayar da abin wasan ramuwa, su riƙa ɗaga gajiyayye suna makawa da ƙasa. A ƙa'ida, in an ɗaga mutum a wannan atisaye, ajiye shi ake yi.

Gargaɗi, kuma a karanta shi da kyau. Juriya daban, ganganci daban. Zafin cinya, nauyin hannu, ƙirji na hura wuta, tunanin "ba zan iya ba": waɗannan gajiya ce, ana ci gaba. Amma a tsaya nan take in an ji suka mai kaifi a gwiwa, kafaɗa ko wuya, in gaɓa ta yi ƙara ta kumbura, in hannu ya mutu ko yana tsikari, ko ciwo a tsakiyar ƙirji. Wanda kansa ya bugu har ya ga jiri, ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ya gama na ranar ko da ya rantse ya warke, kuma ba ya dawowa sai likita ya duba shi. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi cikin zafi, a kai shi inuwa, a kwara masa ruwa a jiki, a yi masa fifita, a nufi asibiti.

Sai maganar tiramol. Wasu na haɗiya don kada su ji gajiya. Abin da yake yi shi ne ya toshe ƙararrawar da jiki ke kaɗawa, mutum ya ci gaba a kan jijiyar da ta yage. In ya yi yawa yana jefa mutum farfaɗiya, ga jaraba mai wuyar bari. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun 1 ga Janairu 2024. Wanda ya yi atisayen nan da ƙwaya a cikinsa bai horar da komai ba, domin gajiyar da aka zo koyon zama da ita bai ma ji ta ba.

5. Fara daga inda ba ka so

Sau ɗaya a mako, minti ashirin. A ba abokinka kamun da ya fi so tun kafin a busa: ya riƙe maka ƙafa ɗaya, ko ya zagaya bayanka ya rungume ƙugu, ko a tsayar da kai a bakin buhunan da'ira. Aikinka ka tsira daƙiƙa 30, sannan ka nemi hanyar juyawa. Sau goma kowane matsayi. Wanda aka taɓa ɗauke wa ƙafa sau ɗari a gida ba ya ruɗewa in an ɗauke ta gaban jama'a, ya san ƙafar da ta rage tana da aiki, ya san inda zai danna kan mai riƙon.

Mai fushi a ƙara masa wani abu. Mai agogo ya yi masa hukuncin zalunci da gangan: ya ba shi gargaɗi ba laifi, ko ya ƙi amsar kayen da ya yi a sarari. In ya ɗaga hannu yana gardama, an ci shi, a sake daga farko. In ya yi numfashi biyu ya koma tsakiya, ya wuce. Alƙali mutum ne, wata rana zai yi kuskure a kanka, kuma ba a taɓa jin gardamar ɗan kokowa cikin da'ira ta kayar da abokin karonsa ba.

6. Kawo hayaniya

Daga mako na biyar, atisayen yammacin Juma'a ya zama a bainar jama'a. Kira yaran unguwa, a samu mai ganga ko da na ɗan abin goro ne, a raba masu kallo biyu, kashi mafi yawa su goyi bayan abokin karonka, su yi masa kirari, kai su yi maka ihu. In da mai iya cali-cali, ya kwaikwayi tafiyarka a yi dariya. Wanda ya saba atisaye a bayan gida shi da mutum uku, ranar da ya shiga filin kokowa na Yakuba Kantu da ke Maradi ya ji ganguna da dubban muryoyi sun rufe shi, ƙafarsa sai ta ɗauki rawa tun kafin a kira sunansa.

Kiɗa yana da fuska biyu. Yana tayar da tsikar jiki, yana kuma sa mutum ya ƙone ƙarfinsa wajen rawa da kirari tun ba a kama ba. Ka gwada a waɗannan Juma'o'i ka ga iya adadin da ke ɗaga ka ba tare da ya cinye ka ba. Mai sanyi yana buƙatar zuga. Mai gaggawa da mai fushi gara su tsaya nesa da makaɗa har a kira su.

7. Minti goma kafin a kira ka

Ka tsara abin da za ka yi, iri ɗaya kullum, ka rubuta, ka maimaita shi kafin kowace karawar atisaye daga mako na biyar. Ba a fafe gora ranar tafiya. Misali: minti huɗu na motsa jiki har gumi ya tsatso, kamu mara ƙarfi da abokinka minti biyu, kurɓa biyu na ruwa, duba ɗaurin walki, addu'arka, dogon numfashi biyar, sannan ka rufe ido ka ga kamunka na farko da abin da za ka yi in ya ƙi. Ka ƙare da kalmarka ta mataki na 4.

Bugun ƙirji, bushewar baki da yawan jin fitsari kafin karawa ba alamar tsoro ba ne kaɗai, jiki ne ke shiri, manyan ƴan kokowa ma suna ji. Kada ka yi faɗa da su.

Game da layu da guraye, kowa da abin da ya gada, ba a nan za a yanke wannan ba. Abu ɗaya dai: kada natsuwarka ta rataya ga abin da zai iya tsinkewa a tsakiyar kamu ko a manta shi a gida. An sha ganin wanda laya ta faɗi ya waiga neman ta, kafin ya juyo yana ƙasa.

8. Bayan ka sha kaye

A gasar takobi jahohi takwas ne, ƴan kokowa tamanin, takobi ɗaya. Kaye ɗaya ya fitar da kai daga neman takobin, amma gobe za a sake kiran sunanka ka kare wa jaharka. Tun daga Yakuba Kantu na Maradi da ya ɗauki na farko a Tawa a 1975, har Isaka Isaka na Doso da ya sha ɗaukar sa, kowace gasa mutum ɗaya ne ke komawa gida da shi, saura duka da ƙasa a jiki suke komawa. Don haka tashi bayan kaye fanni ne da ake koya, ba a bar shi ga hali.

Ga yadda ake yi. Tashi da kanka, ba wa wanda ya kayar da kai hannu, fita da tafiya, kai a ɗage. Awa ɗaya ba ka magana a kan karawar da kowa, musamman masu zuwa da "ai asiri aka yi maka" ko "alƙali ne". Sha ruwa, ci abinci. Ranar nan kada ka kalli bidiyon, kada ka buɗe Facebook ko WhatsApp, inda za a yi ta yawo da faɗuwarka. Washegari ka zauna da mai horar da kai ku kalla sau uku: na farko don ganin abin da ya faru, na biyu daƙiƙa goma kafin kayen, na uku ƙafafunka kaɗai. Rubuta layi uku: abin da na yi daidai, inda na buɗe, abin da zan maimaita gobe sau ashirin. Rufe littafin. In dare ya yi tunanin ya dawo, amsarsa tana rubuce.

Ga masu horarwa: "Ka ba mu kunya" ba gyara ba ne. Yaron da ake zagi bayan kowane kaye yana koyon gudun kaye, ba neman nasara ba, sai ya zama mai ja da baya. Ce masa, "Ƙafar hagu ka bari a gaba, gobe za mu gyara ta."

9. Barci, ci, da sauke kaya

Awa takwas na barci, ba ciniki. Babban maƙiyinsa a garin nan shi ne zaman fada da shayi har tsakar dare. Abin da ke hana barci cikin shayi, rabinsa na nan cikin jini bayan wajen awa biyar, don haka daga la'asar ka bar shi. Mai ƙarancin barci shi ne mai saurin fushi da saurin karaya, ko da ƙarfinsa na nan.

Abinci na gida ya isa: fura da nono bayan atisaye, tuwo, wake, gujiya ko ƙuli-ƙuli, ƙwai ko nama in an samu. Ka ci babban abinci awa uku kafin kamu. In da sikeli, hau kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa da za ka mayar. Fitsari mai duhu alama ce ba ka sha isasshe ba. Lokacin hunturu an fi yin sakaci, domin gumi na bushewa ba a gani. Ranar da aka yi gumi sosai, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe, ba a tula ba.

Mako na bakwai ka rage komai da rabi: gudu bakwai, zagaye biyu. Mako na takwas ba gudun rairayi, ba kokowa cikin gajiya, sai kamu mara nauyi na minti ashirin, numfashi, da tsarin minti goma. A wannan makon jiki zai yi ta ƙaiƙayi, zuciya ta riƙa ce maka ƙarfi na zubewa, ka ƙara ko da zagaye ɗaya. Kada ka ƙara. In shakka ta dame ka, buɗe littafin ka kwatanta minti na nawa ka fara haki a makon farko da na mako na shida. Kwana biyu kafin karawa ka huta gaba ɗaya, kada ka ci abin da ba ka saba ci ba, kuma ka ɗaura walkin da za ka shiga da shi ka yi sunkuye goma a ciki, don a gyara igiyar tun a gida in tana cizo.